Akwatin Foraj ɗin Rumbu

Da sunan Allah. Ni ce Rahma ɗiyar Abarci, mai gyaran kart, wato allon lantarkin da ke cikin injuna, a bayan kasuwar dabbobi ta Dakoro. Ina rubuta wannan da hankalina cikakke. Likita ma ya yarda da haka. Abin da bai yaba ba zuciyata ce, sai hannuna na dama da ya fara rawa ba da izinina ba. Zuwa ga ɗiyana, Sharfaddeen da Haula da Mamani.

Na ɗaya. Gida da awaki da gonar Ajekoriya, ku kira malamai su raba yadda Allah ya ce. Ban fi su sani ba a nan, kuma ba kasafai kuka ji na faɗi haka ba.

Na biyu. Teburin aiki, ƙarfen sude na liƙa dalma, mitar awo da gwangwanayen piyas, ƙananan kayan gyara, ba sa cikin gado. Na ba Haula su kyauta tun ina tsaye, a gaban liman. Ranar da na dawo daga jami'a da diplom, mutanen unguwa sun tausaya wa mahaifina: an yi ta karatu, ga shi an ƙare da hura hayaƙin dalma kamar maƙeri. Suna nan suna tausayi har pompon rana suka cika karkara. Daga nan masu rawani suka fara jira a ƙofata da akwatin pompo a cinya, kamar sun kawo yaro likita. Yawanci injin lafiyarsa lau. Wani ɗan abu ne da bai kai dabino ba ya ƙone a kan kart, na cire na sa wani, garke ya sha ruwa. Ban san wani aiki da ya fi wannan ba.

Na uku. Bashi ɗaya ke kaina, kuma yana kan tebur: kart ɗin akwatin da ke sarrafa pompon foraj ɗin Rumbu, rijiyarsu ta burtsatse. Na yi wa Elhaji Mainassara, mai kula da wurin, alkawarin gyara shi, sai hannu ya ƙi. Tun da pompon ya tsaya, mata da raƙuma ke jan guga a tsohuwar rijiya, ga rani ya yi nisa. Haula, dubi kondansater babba, piyas ɗin nan mai kama da ɗan gwangwani da ke kusa da ƙarfen sanyaya, za ki ga kansa ya kumbura. Sauke wutar da ya riƙe kafin ki taɓa, don mataccen kondansater ma yana cizo. Sabon yana cikin gwangwanin tumatir. Kula da gefen da ke da zane, kada ki juya shi. Dalma kaɗan ta isa, ba miya kike yi ba.

Na huɗu, shi ne ya sa na ɗauki biro. A kan kart ɗin nan kuka daina gaisawa tun kafin layya. Sharfaddeen, ka ce wa mutanen Rumbu akwatin ya mutu, su sayar da bisashe su sayo sabo a Maradi. Ka yi kuskure. Haula, kin ce masa a gabansu bai san suma da mutuwa ba. Kin yi daidai, kuma a bakina kika koyi irin wannan magana, amma yayanki ne, kuma a gaban baƙi ne. Ki je gidansa ki ba shi haƙuri, ba ta waya ba.

Ku duka biyu ba ku tambayi abin da ya kumbura kondansater ɗin ba. Ni na je na gani. Makiyayan sun tausaya wa akwatin saboda rana, suka lulluɓe shi da buzun rago, suka ɗaure tam, yadda ake yi wa abu mai daraja. Buzun ya toshe kafofin iska, kart ya dahu a ciki. Ban yi dariya ba sai da na hau mota. In Haula ta sa sabon piyas aka mayar da buzun, kafin damina zai sake ƙonewa. Ita kuwa ba za su cire shi don ta ce ba. Kai suke saurara, Sharfaddeen, kai ke jin Fulatanci da Buzanci, kai ka iya zaman shayi har magana ta nuna. Ka ɗauki kart ɗin da hannunka ka kai, ka gode musu da kulawarsu, ka kafa wa akwatin rumfar zana, sannan ka roƙi buzun. Kada ka nuna musu sun yi wauta, don ba su yi ba.

Na biyar. Mamani, kai da ke Yamai kana jin kowane ɓangare kana ba kowa gaskiya, ka daina. Ka zo gida ka zauna tsakaninsu.

Kada zaman makokina ya jinkirta aikin nan. Masu ta'aziyya za su sami ruwa a randa, dabbobin Rumbu ba su da randa. Na yafe muku, ku ma ku yafe mini kaifin baki. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku ɗiya masu gardama kaɗan. Ku riƙe juna, ku ci salla a tsakar gida ɗaya. In ruwa ya fito a Rumbu, ku je kabarina tare ku yi mini addu'a. Kada ɗaya ya riga ɗaya zuwa.