Addu'ar Shiga Wajen Fir'auna

Daga Ofishin Alƙalin Alƙalai, zuwa ga babban ɗan direban motar makaranta.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da jaririyarku. Yaya aiki, yaya zaman garin mutane? Muna fata ciwon bayan nan da ke tasar maka duk sanda aka ambaci zuwa gida ya yi sauƙi.

Ƙara ce ta zo gabanmu. An ce ka zo hutu, ka ga yadda mahaifinku ya goge ƙofar makaranta da gefen mota, yara cike a ciki. Ka ji abin da likita ya faɗa a kan idanunsa, har ka bugi ƙirji a gaban Inna cewa kai za ka yi masa magana ya ajiye tuƙi. Shaidu sun tabbatar ka shiga ɗakinsa, kun yi hirar lalacewar tayoyin zamani, ka fito, washegari ka ɗauki jakarka.

Yayarku ta ce ita a gidan wasu take. Inna ta ce tunda aka kawo ta gidan ba ta taɓa sa baki a aikinsa ba. Sai maganar ta gangaro kan Auta, wanda ko cewa ya yi ana ruwa sai an leƙa waje. Kotu ta bincika ta ga yaro ne mai hankali, kyakkyawa. Batun gishirin da aka samu a gwangwanin sukari ba a tabbatar da shi ba.

Shi karatun allo kaɗai ya yi, ba shi da bakin likitoci. Ya je ya ce wa malaminsu yana da magana mai nauyi da wani babba, amma da ya tsaya gabansa sai harshe ya ƙi motsi. Malam ya ba shi addu'ar Annabi Musa, ta neman Allah Ya buɗa ƙirji, Ya sauƙaƙa al'amari, Ya kwance ƙullin harshe. Yana karanta ta bayan sallar asuba, a sahun da ke bayan mahaifinku. Zuwa yanzu addu'ar tana raka shi har bakin ƙofar ɗaki, a nan take sauke shi. Ya gaida tsohon, ya goge masa gilashin mota, ya dawo.

Hutun makaranta ya kusa ƙarewa. Ran da aka koma, mahaifinku zai sake kwasar 'ya'yan mutane ya hau titi da su. Kotu ta umarce ka da ka ji kunya.

A gaida iyali. Wassalam,
Alƙalin Alƙalai.

*

Zuwa ga wanda ake ƙara.

Assalamu alaikum. Muna gaishe ka, muna tambayar lafiyarka da ta iyali. Ba mu ga amsa ba, mun ɗauka kunyar ce ta riƙe maka hannu.

An yi maganar. Ka san ɗan makarantar allo bai iya karatu a zuci ba. Auta yana ganin raɗa yake yi, ashe har ladan yana ji. Jiya suna dawowa daga masallaci, shi a gaba tsohon a baya, sai mahaifinku ya kira shi, ya tambaye shi wane Fir'auna ne ya tare a unguwar nan da kullum ake shirin shiga wajensa.

Auta ya haddace surar da addu'ar ke ciki tun yana ƙarami, an sha dukansa a kanta, amma fassara ba a kai shi ba. Bai san ranar da aka aiki Annabi Musa wajen Fir'auna ya yi wannan roƙon ba. Mahaifinku kuwa shekara da shekaru yana jin tafsiri a rediyon mota.

Yaron ya so ya yi dariya ya zille yadda ya saba, ba ta zo ba. Sai ya ji bakinsa ya ce: Baba, idonka ne, ka bar motar nan kafin ka kashe ɗan wani. Haka ta fito, babu ko sallama.

Tsohon ya tsaya a bakin kwalbati. Da ya buɗe baki, cewa ya yi ko Fir'aunan ma an ce a yi masa magana mai laushi, shi kuwa an jefe shi kamar da dutse. Daga nan ya ce ko Auta ya taɓa lura tun yaushe ya fara sa shi gaba in za su masallaci? Ba girmamawa ba ce. Farar rigarsa yake bi.

Da hantsi ya yi wanka, ya sa hula, ya tuƙa motar a hankali har makaranta, Auta a gefensa yana faɗa masa hanya. Ya miƙa wa shugaban makaranta mukulli, suka dawo a ƙafa. Bai ci abinci ba. Yau da safe ya fito da tsumman goge gilashi a hannu, ya tsaya a ƙofar gida inda babu mota, ya jima, sannan ya koma ciki. Bai yi wa kowa faɗa ba, Inna ta ce gara ya yi.

Yaya, babu wani alƙali, na san tun a layin farko mummunan rubutuna ya tona ni. Ni ne. Na ga in na rubuto da sunana za ka ce wasa nake, shi ya sa na ari rawani.

A hanyar dawowa Baba ya ce malam rabin addu'ar ya ba ni. Wai a ƙarshenta Annabi Musa ya roƙa a haɗa shi da ɗan'uwansa, don kada ya tafi shi kaɗai. Bai ƙara komai a kai ba, ni ma ba zan ƙara ba. Daga gobe da asuba zan riƙa karantawa har ƙarshe.

Inna tana gaishe ku. A shafa mini kan jaririya.

Ƙaninka,
Auta.