Ranar Da Alƙali Ya Tambayi Jikina

Zuwa ga Autana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Yaya tarin nan? Kana iya cin abincin gidan yari kuwa?

Lauyarka ta zo jiya. Ta ce tunda an hana belinka, kuma ba za a fara shari'ar ba sai nan da wata bakwai, ta shigar da takardar roƙo a ɗauki shaidata tun yanzu. Ni kaɗai na san inda kake da yammacin da aka yi fashin: kana ɗakin nan kana yi mini aski, har ka yanke ni a bayan kunne. Ta yi ta kewaye-kewaye a kan dalilin gaggawar. Na ce ta daina jin nauyina, na karanta abin da likita ya rubuta. Ranar Litinin za a saurari roƙon.

Allah Ya fito da kai.

Mahaifinka


Zuwa ga Autana,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka. Na yi ta duban ƙofar kotu, ba su kawo ka ba. Gara ka ji daga gare ni.

Ka san halina. Na goge babbar rigata, na bar sandata a bayan benci, don kada a ce ubanka ya zo a wulaƙance. Lauyarka ta yi bayanin ciwon zuciyata. Mai gabatar da ƙara ya nuna ni, wai ga tsoho garau, ya hawo bene da ƙafarsa. Sai alƙali ya dube ni da ladabi, ya tambayi jikina. Auta, na miƙe tsaye, na ce da sauƙi, alhamdulillahi. Shekara tamanin ban taɓa amsa wannan tambaya da wata magana ba. Na ga lauyarka ta sunkuyar da kai.

An ƙi roƙon. An ce in jira ranar shari'a kamar kowa. Sai da mutum biyu suka riƙe ni na sauko benen, amma alƙali bai gani ba.

Ka yafe mini. Na rataye kalanda a inda hoton mahaifiyarka yake, na zagaye ranar. Maganin nan da kake fama da ni a kansa, yanzu sau uku nake sha, ba fashi. Tun rasuwarta ban roƙi Allah tsawon kwana ba. Jiya na roƙi wata bakwai.

Gashina ya taru. Ban bari kowa ya taɓa ba.

Naka har kullum,
Mahaifinka