Inna, Na Fasa Simintin Tsakar Gida

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, da fatan rahamar Ubangiji tana sauka a makwancinki. Ɗanki ne na Dutse, wanda kike cewa boko ya toshe masa hanci har ya daina jin ƙamshin daddawa. Yanzu furfura ta gama da ni, na yi ritaya, amma ban daina kawo miki ƙara ba. Yau kam ƙarar kaina na kawo.

Autata mai sunanki, wadda muke kira Ummi don bakinmu ba ya iya furta sunan, ta haihu, ta zo gida wanka. Tun kafin suna muka ga abin ba daidai ba. In ta miƙe sai jiri. In ta ɗauko jaririn daga ɗaki zuwa tsakar gida sai haki, kamar wadda ta yi noman rani. Rannan ta kusa faɗuwa da shi a hannu, muka kai ta asibiti.

Malamar da ta duba ta yarinya ce ƙarama. Kafin ma a ɗebi jini, ta sa babban yatsa ta ja fatar idon Ummi ƙasa. Ciki fari fat. Inna, ni ne na nemi wurin zama, ba mara lafiyar ba.

Ai yatsanki na gani. Na tuna safiyar gidanmu na Miga, kina bakin murhu, duk mai ciki ko mai jego da ta zo gaishe ki sai kin ja mata ido kafin ki amsa. In kin ga fari sai ki ce, "Ke, jininki ya tafi yawo. Zauna nan." Daga nan ta shiga hannunki: kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli an matse masa lemun tsami, faten wake da alayyahu, miyar yakuwa mai daddawa, kunun gero. Ba ta da kuɓuta sai ido ya yi ja.

Kin tuna layyar da Baba ya zauna a kan buzu yana jiran hantar ragonsa, kamar yadda kowane maigida ke yi? Aka kawo masa ɗan yanki kamar na ɗanɗano. Sauran kin kai wa matar ƙanensa da ke jego. Da ya buɗe baki sai kika ce, "Malam, kai me ka haifa?" Bai sake maganar ba.

To, malamar asibiti ta ce jinin Ummi ya yi ƙasa sosai, jikinta ya rasa sinadarin ƙarfe da ake gina jini da shi. Ta ba da ƙwayoyi, ta ce kada a yi wasa da su. Sannan ta lissafo abinci: zogale, alayyahu, wake, hanta, nama, gero, a haɗa da lemu ko tumatir. Ta ce a daina kora abinci da shayi, yana hana jiki ɗauka. Ke da ba ki taɓa riƙe biro ba, kin riga ta faɗa: "Wannan ruwan bunun ba ya riƙe mace."

Ga laifin nawa. Reshen zogalen da kika ɗauko tun daga Miga a motar kasuwa, kika dasa a tsakar gidana, bayan rasuwarki na sa aka sare shi. Na ce yana zubar da ganye, kuma abokan ofis suna zuwa, kada su ga ana shanya abincin ƙauye a kan tabarma. Na malale wurin da siminti. Na reni 'ya'yana da shayi da burodi, da farar shinkafa da taliya, ina ganin na fitar da su daga wahala.

Na je Miga. Tsohon zogalenki yana nan bayan rumbu. Yaya Talatu ta ga ina tsinkar ganye da babbar riga, ta ce, "Alhaji, awaki kuka fara kiwo a birnin?" Ta yi dariyarta ta ƙoshi, sannan ta cika mini buhu, ta ɗora daddawa, ta saro mini reshe.

Da na dawo gida, da hannuna na ɗauki diga na fasa simintin, na dasa reshen. Kwana uku bayana bai yafe mini ba. Yanzu uwar Ummi ke girkin, ni ke zuwa wurin mahauta, kuma hantar ba ta biyowa ta gabana.

Yau da safe, bayan sati biyar, Ummi ta zo gaishe ni da yaron a kafaɗa, ba haki. Kafin in amsa na ja mata ido. Ja ya fara dawowa, kamar cikin gwaiba. Ta tambaye ni wa ya koya mini wannan. Sai na nuna mata reshen, wanda ya fitar da 'yan ganye.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya haskaka kabarinki, Ya ciyar da ke daga lambunan Aljanna kamar yadda kika ciyar da matan mutane. Ya cika wa mai sunanki lafiya. Ni kuma ki yafe mini bishiyar.

Ɗanki mai taurin kai, wanda hancinsa ya buɗe a makare.