Danƙon da Ke Gemun Yaya

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan sai godiya. Ciwon gwiwata yana nan inda kika bar shi, 'yar Yaya ta fari kuwa ta sauka lafiya, an samu namiji.

Maganar Yaya ce ta sa na ɗauki biro. Yau kwanansa tara a ɗakin masu ciwo mai tsanani, tun bayan aikin hanjin nan. Mutumin da bai taɓa ciwon suga ba, sai ga sugansa ya haura ɗari uku. Likita ya ce tsananin ciwon ne ya jawo haka. Sun ɗaura masa insulin ta jijiya, duk awa ana huda masa yatsa a auna. Na tambaye shi me ya hana a sauke sugan zuwa ɗari, irin na mai lafiya. Ya ce tsakanin ɗari da arba'in da ɗari da tamanin suke nema, wai faɗuwar suga ta fi hawansa saurin kisa. Shekara talatin na yi ina koyar da kimiyya kafin a zubar da ni kamar ruwan wanki, amma yaron nan da na haifi sa'ansa yana mini bayani yana duban agogo.

Ban yarda da su ba. Kin san yadda Inna ta cika a hannun irinsu, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Na lura kullum da la'asar sugan ke tashi, sai na zargi nas ɗin rana da rubuta lamba daga kanta. Har hujin yatsun Yaya na ƙirga, na gwada da takardarsu. Suka yi daidai. Ta ce in na gama, in taya ta ƙirga gashin kansa.

Shekaranjiya na sunkuya in gyara masa matashi, sai na ji gemunsa da danƙo. Na shinshina, zuma ce. Ashe matarsa ce lokacin ziyara take ba nas baya, ta ɗura masa cokali uku, wai ya samu ƙarfi. Na ƙwace kwalbar, na kai wa likita magana. Matar tasa ta ce bokona bai tsinana mini komai ba, balle ya tashi mijinta.

Jiya ba ta zo ba, surukin Yaya da 'ya'yan Yaya biyu ne suka shiga. Da la'asar sugan ya sake tashi, gemun kuma da danƙo, ga kwalbar a aljihuna. Don Allah ki kira ta, maganarki kawai take ji. Ki tambaye ta wa ta ba kwalba ta biyun. Ni dai gobe zan ja kujera bakin ƙofa, ba mai shiga sai na shinshina hannunsa.

Ki gaida maigidanki Injiniya, da tagwaye, da takwarar Inna. Ku sa Yaya a addu'a.

Naki,
Yayanki da kuke ce wa Sarkin Gardama