Hujin da Baba Ya Ɗinke

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da Anti da yara.

"Ina hujin?" Tambayar da shugabana na ofis ya yi min ke nan yau, da na buɗe kwalin samfurin ginin da na ba ka ajiya. Ka dai tuna zanen nawa: dogon bene mai hawa sittin, da ƙaton huji a tsakiya, iska ta ratsa ta juya fanka ta ba ginin wutar lantarki. Hujin nan shi ne dabarar gaba ɗaya, shi za mu nuna wa masu ginin ranar Litinin, su karɓa ko su ba wani kamfani.

To an toshe shi. An sa kwali, an bi shi da zare, ɗinki ƙanana reras. Mutum ɗaya na sani mai wannan hannun. Ka gaishe shi, ka ce digirina biyu suna godiya.

Ƙanwarka

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Baba ya amsa laifi tun ban rufe baki ba. Wai ya zaci yara ne suka huda, ya gyara a ɓoye don kada ranki ya ɓaci. Na yi masa bayanin iska da fanka. Ya ce tun da yake tela bai taɓa mayar wa mutum riga da huji ya ce masa ado ne ba. Ya kuma tambaya ko waɗanda za su zauna a saman hujin an gaya musu. Antinki dariya har da ƙwarewa.

Ki kawo kayanki. Ya ce wanda ya ɗinke shi ne zai farke. Allah ya ba da sa'a.

Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa. Samfurin da na kawo wa Baba, kana kasuwa na dawo na karɓa. Baba ya farke, amma zuciyarsa ta ƙi barin bakin hujin tsirara, sai ya zagaye shi da jan zare kamar gidan maɓalli. Babu lokacin cirewa.

A taron masu ginin, babban cikinsu ya zura yatsa cikin hujin ya ce, "Wannan jan layin fa?" Ban ko ƙifta ido ba na ce fitilu ne za su kewaye hujin. A lokacin ƙarya ce, yanzu kuwa tana cikin zane. Sun karɓa. Har sun fara kiran ginin Maɓalli, shugabana kuma yana ta yaba zurfin tunanina.

Ina tafe da sabon samfuri. Wannan a karkace yake, da gangan. Don Allah ka ɓoye wa Baba almakashi da dutsen guga.

Ga mai gadin ofis yana kaɗa min makullai, zai rufe. Bari in ja ƙofa, sai na iso.

Ƙanwarka