Juni Tana Tsoron Bindiga

Summerfield,
Greensboro.

Zuwa ga kakana, angona, Sarkin Baka Sale,

Assalamu alaikum. Kaka, ka yafe mini, zan sa magana a gaban gaisuwa, don na san halina, idan na fara da gaisuwa zan cika takardar nan da ita in naɗe ban faɗi komai ba. Ga maganar: ina son wata karya. Sunanta Juni. Tun lokacin da itatuwa suka fara toho nake zuwa wurinta, ga shi yanzu ganye har ya zube. Ina shafa kanta, tana ɗora haɓarta a gwiwata, kuma ba wanda ya sani, ko Mama. Baffa Uwaisu, na san kai kake karanta masa, don Allah ka rage murya, kuma ban da dariyar nan taka da ake jiyowa daga bakin kasuwa.

To yanzu gaisuwa, mai yawa, da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da duk mutanen gida. Yaya gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi, ya ja mana kwananka. Mu nan lafiya lau. An mayar da Mama aikin safe, yanzu tare muke cin abincin yamma. Ƙanena Ma'aruf ya yi wawulo, har yanzu in an yi masa Hausa da Turanci yake amsawa. Baba kuwa ga shi nan tafe wurinku, falo ya cika da tsarabar da suka kwaso a shagunan titin Wendover, har da man zafi na gwiwarka. Idan ka ji Hausata ta yi zaƙi da yawa kada ka yi mamaki, a littattafan soyayya na koyi rubuta ta, a wayar Mama. Ban aiko da saƙon murya ba don na san a zaure ake kunna shi, kowa ya ji, kuma ni baki ba ya yi mini aiki kamar biro.

Bayan gidanmu akwai shinge, bayan shingen akwai wani tsoho Bature, Mista Hollis. Mafarauci ne irinka, sai dai shi zomo kawai yake bi, kuma da bindiga. Karnukansa gajeru ne masu dogayen kunnuwa, idan suka ɗauki sawu sai ka ji dajin ya ɗauki kuka kamar ana rera wani abu. Juni ce kaɗai ba ta shiga cikinsu. Da ta ji harbi sai ta ruga ƙarƙashin motarsa ta lafe, jikinta yana ɓari, sai an janyo ta. Ranar da na fara ganinta na sauko daga bas ɗin makaranta ne, na zauna gindin shinge ina karatu, ban san ma ina fito ba. Fiton nan naka ne, wanda ka koya mini da muka zo ina ƙarama, mai hawa sau biyu ya sauka. Sai ganin hanci na yi ta tsakanin katako. Mista Hollis ya ce shi da ya raine ta sai ya kira ya gaji, ya tambaye ni ina na samo wannan. Na ce na kakana ne. Ya ce to kakan nan ya san kare.

Na sha karanta yadda zuciya take bugawa in an haɗa ido, ina ta jiran ranar da zai same ni, ina zaton a ɗakin karatu ne ko a wurin wani biki. Ashe a gindin shinge ne, kuma mai kunnuwa har ƙasa. Ina wanke hannu sosai, ina canja kaya kafin sallah, kada ka damu.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne wata doka da ake ta gardama a kanta a majalisar jiharmu. Ba a zartar ba tukuna. Yadda na fahimta, duk mai karnuka mata da yawa masu haihuwa za a ɗauke shi a matsayin mai kiwo don sayarwa, a riƙa zuwa duba inda suke kwana da ruwan da suke sha. Mafarauta sun tashi tsaye, suna cewa a cire karnukan farauta daga ciki, wasu sun ce an cire, wasu sun ce ba a fayyace ba. Mista Hollis ya je taronsu ya dawo yana huci, wai da tsufansa ba wani yaro mai takarda da zai shigo masa gida ya koya masa ba kare ruwa. Ya ce ba zai jira ya gani ba, zai rage matan tun yanzu, ya bar waɗanda ko waye ya zo ba zai yi musun na farauta ne ba. Ka san wa za a fara ragewa.

Ni kuma Kaka, ban san ɓangaren da nake ba, shi ya sa nake ta kaiwa da komowa a ɗaki har Mama ta ce ko ƙaiƙayi ne a ƙafata. Ƙawata Salomi tana taimakawa a gidan da ake tara dabbobin da ba mai so. Ta nuna mini hotunan 'yan kwikwiyon da aka kwaso daga wani wuri, a keji kan keji, uwarsu ba ta taɓa taka ciyawa ba. Ta ce dokar don irin waɗannan ce, kuma duk mai tsoron a duba shi yana da abin ɓoyewa. Na so in ce mata Mista Hollis ba haka yake ba, yana dafa musu abinci da hannunsa, ya san tarin kowanne. Amma kuma na taɓa ganin ruwansu ya daskare da sanyi bai lura ba sai da rana ta ɗaga, don idonsa ya fara rauni. Dokar tana da gaskiya, tsohon ma yana da tasa. Abin da na sani kawai, akwai wani mutum daga wata jiha da ya ce zai zo da mota ya ɗauki Juni, kuma shi bai damu ko tana farauta ba, tambayarsa ɗaya ce, tana haihuwa? Ban ga gidansa ba, ba zan ɗora masa laifi ba. Amma duk sanda na rufe ido kejin nan nake gani.

Mista Hollis ya fi so ya ba ni ita. Ya ce da kansa zai kafa mata ɗaki a jikin shinge ta ɓangarenmu, ba za ta taka cikin gida ba, in dai mahaifina ya yarda. Ya ce zai jira har Baba ya dawo daga wurinku, daga nan ba zai ƙara ba mutumin nan mai mota haƙuri ba.

Ka san ɗanka. In muna tafiya a unguwa aka taho da kare, tsallaka titi yake yi. A masallaci in an tambaye shi sana'ar gidansu sai ya ce mahaifinsa manomi ne, wanda gaskiya ne, amma ba duka ba. Na taɓa gwada shi da wayo, na ce wai a makaranta aka tambaye mu hukuncin ajiye kare. Ya ce malamai sun yarda da kare in na farauta ne, ko gadi, ko kiwo, amma karen da aikinsa kwanciya da cin abinci ba a gidansa ba, kuma kada in ɗauko masa ɗabi'ar mutanen nan masu sa wa kare riga. Amma Kaka, wata Asabar da safe karnukan suka ɗauki kuka, na same shi tsaye a tagar kicin, shayinsa ya huce a hannu. Bai san ina bayansa ba. Na ji ya ce a hankali, sun tada zomo. Can kuma ya ce zomon zai kewayo ta rafi. Kuma ta rafin ya kewayo. Da Baba ya juyo ya gan ni sai ya hau faɗan wa ya bar fitila a kunne.

Ka ga inda na tsaya ke nan. Majalisa tana tambaya ko ta farauta ce, Mista Hollis ya ce ba ta farauta ba ce, Baba ma abin da zai tambaya ke nan. Kowa tambaya ɗaya, kuma duk da bindiga suke auna ta. Amma Mama ta ce ku da gora kuke fita, da ƙaho, wani lokaci ba a jin harbi ko ɗaya har a dawo. Bari in faɗa maka abin da na gani da idona. Zomaye sun addabi yakuwar Mama da kuɓewarta a bayan gida. Wata rana na buɗe wa Juni ƙofar shinge. Ba ta yi haushi ba. Ta sa hanci a ƙasa, ta bi kunya kunya, ta tsaya cak da ƙafa ɗaya a sama, ta waiwayo ta dube ni kamar tana jiran izini. Na yi fiton. Zomon ya fito kamar an harba shi, ta bi shi har bakin daji, ta dawo ta zauna a gabana tana haki. Mama har yau cewa take addu'arta ce ta kori zomaye.

To Sarkin Baka, kai ne alƙali. Karyar da take gudun bindiga amma hancinta ba ya kuskure, ta farauta ce ko ba ta farauta ba ce? Kada ka duba cewa amaryarka ce ta tambaya. Idan ta farauta ce, ka faɗa wa Baba yana zaune a gabanka, don ni in na buɗe baki a gabansa kuka ne yake riga magana fitowa. Idan kuma ba ta farauta ba ce, ka faɗa masa ya zo mini da amsar, zan je in yi mata sallama da kaina. Ina kuma so in sani, ana raba kare da tsoro, ko haka ake barinsa? Wannan ba don Juni kaɗai nake tambaya ba.

Ka gaishe mini da Goggo Liyatu, ka ce turaren ya iso kuma Mama ta ɓoye shi. Ina gaida Inna Daso, da Chamsiya da jaririnta, da Baffa Uwaisu, in ya gama dariya. A shafa mini kan karnukanka, yanzu ina da bakin faɗin haka.

Na yi niyyar in manne ambulan ɗin in cusa a jakar man zafi, Baba ya kawo maka bai san abin da ya ɗauko ba. Tun azahar nake riƙe da takardar, na je ƙofar falo na dawo ya fi a ƙirga. Amma ba na so ya fara jin wannan a zaure, a bakin Baffa, mutane suna kallonsa. Ba zan manne ba. A hannunsa zan sa, in ce masa ta Kaka ce, amma in ya ga dama ya karanta a jirgi. Yana can yana ɗora akwatuna a sikeli suna gardama da Mama, ga karnukan Mista Hollis sun fara, kuma na ji ya yi shiru a tsakiyar magana. Bari in je yanzu, tun yana saurare.

Jikarka, amaryarka,
Salwa