Kakin Soja a Akwatin Kaka

Zuwa ga Gwaggona,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya ciwon gwiwar? Mu nan ƙalau, Kaka ma ya ji sauƙi, har yana fita jan sallar Azahar.

Gwaggo, wani abu ya ɗaure mini kai. Jiya ina kwashe littattafan Kaka daga ofishinsa na makaranta, don rufin yana yoyo, sai ga kakin soja a ƙasan akwati, anini uku a kafaɗa, asu ya cinye hannu ɗaya. Ni dai na san ya zo ƙasar nan baƙo, ko yaren mutane ba ya ji, ya zama liman, ya buɗe makaranta a shagon haya. To ta ina soja ya shigo? Mutumin da ko kaza sai an yanka masa. Baba ya ce in mayar in ja bakina. Ke ce babbar 'yarsa, don Allah ki faɗa mini.

Taki,
Takwara

Gwaggona,

Bayan gaisuwa, wasiƙarki ta iso. Kin ce ke ma ba ki taɓa iya tambayarsa ba. To ni na tambaya, ina yanke masa farce. Ya ce amaryar nan tasa ta cika bin diddigi, sakinta zai yi. Can kuma ya fara magana.

Lokacin yaƙi aka kwashe ɗalibansa goma sha ɗaya, 'yan ajin ƙarshe. Shi baƙo ne, ba wanda ya neme shi. Amma a hannunsa iyayensu suka damƙa su, sai ya rufe makaranta ya bi su. Saboda iliminsa aka ba shi hafsa. Shekara uku yana ba da umarni, yana jan salla. Bakwai ya dawo da su, uku ya binne da hannunsa.

Na ce saura ɗaya.

Ya ce, "Ni na aike shi ya dubo mana gada, bai dawo ba. Na gaya wa uwarsa zazzaɓi ne."

Uwar ta rasu, amma ƙanwar yaron tana nan, tana ɗinki bayan asibiti. Shekara hamsin Kaka yana sake hanya don kada ya bi ta ƙofar shagonta. Ya ce gobe da hantsi in raka shi. Ban san me za ta ce mana ba. Ki sa mu a addu'a.

A gaida mutan gida.

Taki,
Takwara